Maria Bamford da Yunwar da Ba ta Ciki Ba

A shekarar 2012 Maria Bamford ta naɗi wasan barkwanci mai suna The Special Special Special! a falon gidanta da ke Los Angeles. Ban da masu ɗaukar hoto da mai kiɗa, 'yan kallo biyu ne kacal: mahaifinta da mahaifiyarta, suna zaune a kan kujera. A gabansu ta tsaya tana kwaikwayon muryoyinsu, tana zancen ciwon ƙwaƙwalwa da tunanin kashe kai, su kuwa suna dariya. Abin da iyalai da yawa ke rufa wa ƙofa, ita a tsakar falo ta baje shi.

An haife ta a 1970 a Kalifoniya, ta tashi a garin Duluth na jihar Minnesota, 'yar likitan fata. Gida ne na rufin asiri. Amma tun tana yarinya wasu munanan tunane-tunane suke faɗo mata ba tare da ta gayyace su ba, har takan ji tsoron kada ta cutar da na kusa da ita. Ta daɗe tana ɓoye wannan kafin likitoci su gano nau'i ne na cutar da suke kira OCD. Daga baya ta raɗa wa faifanta na 2009 suna Unwanted Thoughts Syndrome, wato ciwon tunanin da ba a so.

A cikin wannan ruɗani abinci ya zama mafaka. Takan ci har ya wuce kima, kunya ta biyo baya, sai ta hora jikinta don ta biya abin da ta ci, washegari a koma gidan jiya. Masu wannan lalura sukan ce cikinsu ya daɗe da cika, fargaba ce ba ta ƙoshi ba. Wahalar kuma ta bambanta da ta mashayi. Wanda giya ta kama zai iya rantsuwa ba zai sake taɓa kwalba ba, ya cika alkawari har ƙarshen ransa. Wanda abinci ya kama dole ya zauna da shi safe, rana da dare.

Wannan ne ya kai ta Overeaters Anonymous, ƙungiyar da aka kafa a Los Angeles a 1960 bisa tsarin matakai 12 na ƙungiyar masu barin giya. Tsarin ba shi da wuyar fahimta: mutane su taru a ɗaki, kowa ya faɗi sunansa na fari, ya faɗi inda ya kasa, a saurare shi ba tare da katse shi ba. Kamanninsa da sana'arta a fili yake, domin mai barkwanci ma tsayawa yake gaban baƙi ya tona kansa. Sai dai a dandali dole zancen ya ƙare da dariya, a ɗakin taro kuwa ba a bin kowa bashin nishaɗi. Bamford ta shiga irin waɗannan ƙungiyoyi na masu fama da bashi da na masu fama da soyayya, kuma a littafinta na 2023, Sure, I'll Join Your Cult, ta yi musu ba'a son ranta, ta kuma amsa cewa sun tallafe ta.

Duk da haka taro bai wadatar ba. Bayan ta kai shekara 40 ta kwanta a sashen masu taɓin hankali fiye da sau ɗaya, aka tabbatar tana da cutar hawa da saukar yanayin rai, wadda ake kira bipolar II. Maganin da ya daidaita ta ya zo da kuɗinsa: rawar hannu, yawan barci, raguwar kuzarin aiki. Ta karɓi cinikin. Ta rage aiki, kuma a haka ta fito a shirin Lady Dynamite na Netflix a 2016, wanda aka gina kan rayuwarta.

Aure ma ya jira. Sai a 2015, tana da shekara 44, ta auri mai zane Scott Marvel Cassidy, bayan shekaru na soyayyar da ba ta ɗorewa. Ba su ɓoye cewa suna neman taimakon masu ba ma'aurata shawara ba, ita kuma ta mayar da hakan abin barkwanci.

Akwai tsohon zato cewa ciwo ne ke wasa basirar mai fasaha, idan ya warke sai ta dushe. Rayuwar Bamford ta ƙaryata wannan. A lokacin da ciwon ya tsananta ta kasa aiki. Shirin Netflix, auren da littafin duk sun zo ne bayan ta karɓi magani, kuma har yau ba ta ce ta gama warkewa ba.