Baƙo a kan hanyar Babankatami

Ma'aikacin da aka turo daga Yamai ya bar babbar hanya a Madawa, ya nufi Babankatami cikin ƙasar Buza, sai ya tarar da wani irin tuƙi. Ranar kasuwa, mota ba ta tashi sai ta cika maƙil: buhunan hatsi a ƙasa, awaki da mutane bisa kaya. Da damina, in korama ta kawo, direba yakan tsaya, karen mota ya shiga ruwa ya auna zurfinsa da ƙafa. Baƙo na duban agogo, mutanen Adar na cewa sannu ba ta hana zuwa. Gaskiyarsu: direban da ya raina korama, ba ransa kaɗai yake caca da shi ba.