Kwanakin Sammaci

Litinin, 6 ga Janairu

Hazo tun asuba. Kawu ya dawo daga wurin baban yara bayan la'asar, ko ruwa bai sha ba ya sa aka kira ni ɗakin Baba. Ba zai sake ni ba, sai dai in fanshi kaina. A rubuce ya aiko. Sadaki naira 50,000, lefe akwati huɗu a farashin Kantin Kwari na yau, kuɗin gaisuwar iyaye, abin da ya kashe a walima, har cikon da ya yi mini lokacin da na sayi keken ɗinki. Jimla miliyan 1 da dubu 400. Can ƙasa, da wani biro daban: yara biyu su koma hannunsa.

Baba shiru. Inna sai salati. Na ninke takardar na sa cikin littafin awo.

Talata, 7

Ɗinki biyu na gama, ba a zo karɓa ba. Barci ya ƙi.

Alhamis, 9

Hisba. Ya zo cikin farar shadda, murya ƙasa ƙasa, ya ce shi har gobe yana son matarsa. Da aka tambaye shi cefane, wai kasuwa ce ta tsaya. Da aka tambaye shi duka, ya sunkuyar da kai ya ce sharrin shaiɗan ne, kuma sau ɗaya ne. Na faɗi nawa, muryata na rawa, amma na kai ƙarshe. Malamin ya yi iya ƙoƙarinsa, ya yi nasiha, ya nemi ya rage ko da rabi. Ko sisi. Daga ƙarshe ya ce, "Malama, mu sulhu ne namu. Raba aure kuwa sai alƙali."

Asabar, 11

Gwaggo ta wuni a nan. Haƙuri, haƙuri, zaman aure ibada ne, wace ce ba a taɓa mari ba. Ban tanka ba. Shekara tara ina yin abin da take cewa in yi.

Litinin, 13

Matar Yaya ce ta ji a rediyo cewa ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, na taimaka wa mata marasa ƙarfi kyauta. Adaidaita biyu kafin mu kai. Mata cike da benci, wata da goyo, wata tsohuwa riƙe da takardu a leda. Sai kusan azahar aka kira ni.

Barista ba ta katse ni ba har na gama. Ta karanta takardarsa sau biyu. Abu na farko da ta ce: kada in sa hannu a kan komai, ko wa ya kawo, ko da Kawu ne.

Hanya biyu ce a gabana. Ta farko kul'i: in ba shi wani abu ya rabu da ni. Ta fi sauri, ba sai na kawo shaida ba, kuma in an yi ba shi da damar kome sai da yardata da sabon ɗaurin aure. Amma ba ciyarwar idda, tunda ba ni da ciki. Ta biyu, in nemi alƙali ya raba auren saboda cutarwa da rashin ciyarwa. Nan ba zan biya ko kwabo ba, sai dai nauyin tabbatarwa a wuyana yake.

Yara: a Malikiyya riƙo na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Ko na sake aure, Inna ce a gaba, kafin a zo kan uba. Ci da sha da suturarsu da magani kuwa nasa ne, ko suna hannun wa. Sai ta ɗora yatsa a kan layin nan na ƙasa. Ta ce mace na iya sarayar da riƙon 'ya'yanta a madadin fansa, kuma in ta yi hakan da hannunta, warware shi wuya. Shi ya sa ya haɗa su a takarda ɗaya.

Kayan ɗaki nawa ne, iyayena suka yi mini.

Na fito ƙafata ba nauyi. Na saya wa yara rake a bakin titi.

Laraba, 15

Neman katin asibiti. Yana cikin gwangwanin Inna, tare da katin rigakafin auta. Na damina ta bara, hannun hagu. An rubuta faɗuwa, don shi ya yi wa likita bayani ina zaune. Barista ta ce in kawo duk da haka, kwanan watan zai yi amfani.

Litinin, 20

An shigar da ƙara a kotun shari'a. Baba ya raka ni, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Magatakarda ya rubuta da'awata, ya karanta mini, na ce haka ne. An biya kuɗin sammaci. Sai 28 ga wata.

A hanya Baba ya ce, "Tun da nake ban taɓa taka kotu ba." Bai ƙara ba. Ban san yadda zan ɗauki maganar ba.

Juma'a, 24

Babban ya tambaye ni ko gaskiya ne zan kai babansa gidan yari. A makarantar allo ya ji. Na zaunar da shi na ce a'a, magana za a yi a gaban alƙali, kowa ya faɗi tasa. Ya ce to yaushe za mu koma gida. Na ce ya je ya wanke ƙafa, kaushi ya fara kama shi.

Kuɗin makaranta zangon nan, ni.

Talata, 28

Bai zo ba. Wai sammacin bai same shi ba, ya yi tafiya Legas. Shekaranjiya matar Yaya ta gan shi a Sabon Gari.

Na dai ga yadda wurin yake. Maza gefe, mata gefe. Alƙali dattijo, ba ya ɗaga murya, littattafai jibge a gabansa. Barista ta raɗa mini cewa Mukhtasar ne da Tuhfa. Kafin tawa an yi shari'ar gado a kan gona, 'yan uwa ciki ɗaya ba mai kallon wani. Tawa ko minti biyar ba ta kai ba. A sake kai sammaci, a dawo 12 ga Fabrairu.

Wunin ɗinki ya tafi, ga kuɗin mota.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Shaidu. Nan gizo ke saƙa. Inna ce ta fi kowa sanin halin da na shiga, ita ta gasa mini hannu, amma ba a karɓar shaidar uwa ga 'yarta. Maza biyu adalai ake so. Wa ke cikin ɗaki in ana duka?

Barista ta ce a kan cutarwa ana karɓar shaidar ji: mutane su ce abin ya yaɗu a unguwa, sun ji daga bakin masu gaskiya. Na je wurin maƙwabciyata ta katanga ɗaya, wadda ta sha tsallakowa da dare. Ta yi kuka, ta ce maigidanta ya ce ba ruwansu, unguwa ɗaya suke zaune da mutumin. Ban ga laifinta ba. Raina dai ya ɓaci har dare.

Mai shagon bakin layi ya yarda nan take. Ya fiddo littafin bashi, ya buɗe shafina: garin masara, manja, magi, sabulu, wata bayan wata, gefe kuma inda nake ragewa da kuɗin ɗinki. Ya ce, "Hajiya, abin da na sani zan faɗa, ba ƙari ba ragi." Saura ɗaya. Liman ya ce zai yi tunani.

Alhamis, 6

Auta zazzaɓi. Kemis, gwaji, maleriya. Na aika wa babanta saƙo. Ya karanta, ba amsa. Barista ta ce kar in goge, in ajiye rasit.

Laraba, 12

Ya zo, da lauyansa. Ya musa komai, har abin da ya amsa da bakinsa a gaban malamin sulhu. Lauyan ya ce tunda ni ke ƙin zama, kul'i ne kawai, ga lissafi. Alƙali ya duba takardar ya daɗe. Ya kawo labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda lambun da aka ba ta sadaki ta mayar aka raba su. Sannan ya tambaye shi: shinkafar walima, wa ya ci? Bai amsa ba.

Ba hukunci. Alƙali ya ce a fitar da mutum ɗaya daga dangina, ɗaya daga nasa, su zauna su gano inda ɓarakar take, su kawo masa rahoto. Kawu, da baffansa. 27 ga wata.

A bakin ƙofa ya wuce ni kamar bai taɓa sanina ba. Hannuna na ta karkarwa har cikin adaidaita.

Lahadi, 16

An ce ya sayar da firjina. An ce.

Laraba, 19

Kawu da baffansa sun zauna. Baban yara ya sauko dubu 600. Auta ta zauna wurina, babban ya koma wurinsa. Baffan nasa mutumin kirki, shi da kansa ya ce wa Kawu bai ji daɗin wannan rabon ba.

Da dare Yaya ya shigo ya ce zai sayar da babur ɗinsa, a haɗa da adashena, a biya a huta. Da babur ɗin yake ciyar da gidansa. Na ce a'a. Bayan ya fita na kwanta ina lissafin yadda za a haɗa kuɗin. In na biya, kafin salla na gama. In na tsaya kan shaida, ko na yi nasara yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ni kuwa ina rataye, ba matar aure ba, ba bazawara ba.

Kuɗi zan iya haƙura da su. Yaron ne ba zan sa a ciniki ba. Shekararsa bakwai, har yanzu sai an tashe shi fitsari da dare, kuma na san hannun da zai koma.

Alhamis, 20

Na faɗa wa Barista duk abin da na saƙa jiya. Ba ta zaɓa mini ba. Ta ce ko macen da ta biya kul'i, in daga baya ta tabbatar cutar da ita aka yi har ta fanshi kanta, tana iya karɓo kuɗinta. Amma batun yaro, kar in buɗe wannan ƙofar ko da wasa.

Talata, 25

Liman ya aiko: zai zo. Na yi alwala na yi nafila. Na gama ɗinkin amarya har da wuyan da ya ƙi zama tun makon jiya.

Alhamis, 27

Kawu da baffa sun ba da rahoto: sulhu ya gagara. Mai shago ya yi shaida tsaf, lauyan ya juya shi ta ko'ina bai canza ba. Liman bai zo ba, rasuwa aka yi a unguwa, shi zai yi jana'iza. An ɗage. Barista ta ce bayan shaidarsa saura izari, alƙali ya tambayi kowa ko yana da sauran magana, sannan hukunci. Na ce yaushe. Ta ce ranar Liman dai 13 ga Maris.

Asabar, 1 ga Maris

Azumi ya kama. Kunun tsamiya da ƙosai, babban ya kai har azahar. Bayan tarawi Barista ta kira: lauyansa na neman a zauna ranar Laraba a ofishinta, kafin ranar kotu. Bai faɗi abin da zai kawo ba. Na ce zan zo da Kawu. Ta ce in taho da rasit ɗin maganin auta da na kuɗin makaranta, kuma gobe Yaya ya sake leƙa Liman ya tuna masa ranar.