Eigg, tsibirin da mazaunansa suka saye

Daga Gilasgo zuwa garin Mallaig jirgin ƙasa yana cin sama da awa biyar, daga nan kuma sai jirgin ruwan CalMac, awa ɗaya da 'yan mintoci idan bai biya ta wani tsibirin ba. Tun daga nesa za ka hango An Sgùrr, dutse mai tsayin mita 393 da ya tokare sama a kudancin Eigg. Tsibirin yana gaɓar yammacin Sikotland, tsawonsa bai wuce kilomita 9 ba, mutanensa kuwa sun ɗan haura ɗari. Baƙo ba ya shiga da mota sai da izini.

Na sauka a Cleadale, can arewacin tsibirin, a gidan wasu mata da miji da suka tattara nasu ya nasu daga birni suka dawo nan da 'ya'ya biyu. Maigidan a da aikin ofis yake yi. Yanzu yau yana gyaran shinge, gobe yana sauke kaya a tashar jirgi, jibi yana taya wani rufin gida. Kusan kowa a Eigg haka yake, sana'a biyu ko uku, domin babu yawan mutanen da za a ce wannan aikin wane ne shi kaɗai.

Abin da ya jawo su nan tarihin wurin ne. Shekara da shekaru Eigg mallakar mutum ɗaya ce, ana sayar da ita daga hannun wannan attajiri zuwa wancan, mazauna da yawa suna zaman haya ba tare da tabbacin gobe ba. Wa zai kashe kuɗi ya gyara gidan da za a iya tashinsa daga ciki? A ranar 12 ga Yunin 1997 mutanen tsibirin, da haɗin gwiwar majalisar yankin Highland da ƙungiyar Scottish Wildlife Trust, suka saye shi a kan fam miliyan 1.5. Dubban mutane ne suka aiko da gudummawa, har da wani kaso mai tsoka daga wanda bai yarda a faɗi sunansa ba. A lokacin mazaunan sittin da 'yan kai ne. Tun daga nan matasan da suka tafi suka fara dawowa, baƙi irin masu masaukina ma suka samu ƙwarin gwiwar zuwa.

Uwargidan ta ce abin da ya fara koya mata zaman Eigg shi ne wutar lantarki. Kafin Fabrairun 2008 yawancin gidaje da janareta suke fama. Yanzu tsibirin yana da wutarsa ta kansa dare da rana, daga ruwa da iska da hasken rana, da batura masu ajiya, janareta kuwa sai ta ɓaci ake tayar da shi. Amma an yi yarjejeniya: gida ba zai ja fiye da kilowat 5 a lokaci ɗaya ba, wurin sana'a kilowat 10. Na tsaya a kicin ɗinta na ga yadda abin ya zame mata jiki. Injin wanki yana juyawa, ta ɗauki butar lantarki za ta dafa mana shayi, sai ta ɗan leƙa ƙaramar na'urar da ke nuna abin da gidan ke ja, ta ajiye butar, ta ce mu jira wankin ya ƙare. Ɗan ƙaraminsu ma ya san lissafin. Wanda ya zarce iyaka wutarsa za ta ɗauke, sai masu kula da ita sun zo sun mayar, su kuma maƙwabtansa ne da zai haɗu da su a kanti gobe. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Ba wani ne ya ɗora musu shi daga sama ba, su suka zauna suka yanke, don kada mai hali ya shanye rabon marar hali.

Zaman ba duka daɗi ba ne. Da tsakiyar hunturu rana ba ta wuce awa bakwai a sama, iska kuma tana iya hana jirgi zuwa kwana da kwanaki, don haka mai hankali yana cika firiza tun da wuri. Likita daga waje yake zuwa, a ranakun da aka tsara. Ranar da jirgi ya iso kuwa tashar Galmisdale sai ta koma kamar kasuwar ƙauye: ga mai karɓar saƙo, ga mai jiran buhun abincin kaji, ga wanda hira kawai ta kawo shi.

Abin da ya fi ci wa uwargidan rai shi ne babbar 'yarsu. A tsibirin firamare kawai ake da ita. Yaro yana gama ta sai sakandare a Mallaig, inda zai zauna a ɗakin kwanan ɗalibai, ya riƙa zuwa gida a wasu ƙarshen mako idan teku ta kwanta. Ta ce makon farko bayan tafiyar yarinyar ba ta iya shiga ɗakinta ba. Matan da suka riga ta shan wannan rabuwa su suka riƙa leƙo ta, wannan ta kawo burodin da ta gasa, waccan ta ja ta yawo bakin teku, zuwa wani rairayi da ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa idan ya bushe. Ba su yi mata dogon wa'azi ba. Sun dai ƙi barin ta ita kaɗai.

Yanzu ita ce ke raka sababbin iyaye tasha ranar da yara za su koma makaranta. Maigidan yana halartar taron mazauna, yana da bakin magana a kan gidaje da dazuzzuka daidai da wanda aka haifa a wurin. Gidan da suke ciki na haya ne, amma sun riga sun nemi fili daga hukumar amintattun da ke riƙe da tsibirin tun da aka saye shi, suna jiran amsa don su fara gina nasu.