Ƙyauren Maɗaci Mai Tsirkiya Huɗu

A wani gida da ke unguwar Birni, cikin Damagaram, an cire tsohon ƙyauren zaure aka sa na ƙarfe, kamar yadda aka yi a gidaje da yawa. Ƙyauren na maɗaci ne, kakan gidan ya sassaƙa shi da hannunsa. Ya shekara uku jingine a bayan madafa, ba wanda ya yarda a faskara shi, ba kuma wanda ya san abin da za a yi da shi. Ɗan gidan, ɗalibi mai nazarin harshe a jami'a, shi ya fara yi masa kallon abin kiɗa. Ya daɗe yana aron gitar bas wurin wata ƙungiyar makaɗan biki, yana koyo a ɓoye, kuɗin sabuwa kuwa ya fi ƙarfin aljihunsa. Ya san labarin Mdou Moctar, mutumin Abalak, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Shi da ke da katako a gida da uba kafinta, me zai hana?

Wata rana bayan la'asar ya durƙusa a rumfar aikin mahaifinsa ya ce, "Baba, ƙyauren nan nake roƙon ku." Da ya faɗi abin da zai yi da shi, dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "A gidan nan ba mu gaji kiɗa ba, kai ma ka sani. Amma itacen ubana ne, ba zan zuba ido ka ɓata shi da rashin sani ba. Katako nawa ne, kiɗa naka." A kan wannan sharaɗi aka fara, kuma dukansu sun san ƙyauren ɗaya ne, in ya lalace babu madadi.

Gitar bas ta lantarki ba tsohon abu ba ce. A shekarar 1951 kamfanin Leo Fender, a Kalifoniya ta Amurka, ya fito da wadda ya kira Precision Bass, kuma ma'auninta ne ya zama abin koyi har yau: tsirkiya huɗu, Mi da La da Re da Sol, da tsawon inci 34, wato milimita 864, daga inda tsirkiya ta fara kaɗawa zuwa inda ta tsaya. Mafi kauri daga cikinsu tana girgiza sau 41 a sakan ɗaya, sautin da ƙirji kan ji kafin kunne ya tantance shi. Saurayin ya haddace duk wannan daga takardun Faransanci. Ya kuma sayi wata matacciyar bas mai karyayyen wuya da kuɗi kaɗan, ya kwance ƙarafanta da wayoyinta, ya aiki wani ɗan kasuwa mai zuwa Kano ya sayo masa sababbin tsirkiyoyi da siraran ƙarafan da ake dasawa a wuya.

Ranar farko ba a yanka ko tsinke ba. Ya shimfiɗa zanensa yana ta zuba manche da touche da sillet da chevalet, mahaifin yana kallonsa. Da ya gama, dattijon ya ce, "Kai yaro, ko dai ka yi mini magana, ko ka tafi da takardarka makaranta." Wannan magana ta yi masa zafi, domin a makon nan ya tsaya a aji yana kare ra'ayin cewa Hausa za ta iya ɗaukar kowane ilimi, muhawarar da ta ƙara zafi tun da aka ayyana ta harshen ƙasa a watan Maris na 2025. Ga shi a tsakar gidansu ya kasa faɗa wa mahaifinsa abin da yake so a yanka.

Ya koma ya zauna da ƙamus, ya ƙirƙiro sunaye masu tsawo, irin su "madogarar tsirkiya ta ƙasa". Babu ɗaya da ya kwana biyu a bakin dattijon. Sunayen da suka zauna a wurin aiki suka fito. Da mahaifin ya ɗauki ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kan gangar jiki, ya juya shi, sai ya ce, "Ashe jaki ne." Haka masu gurmi da garaya da goge suke kiran ɗan itacen da ke ɗauke da tsirkiya a kan fata. Ɗalibin ya yi tsaye, domin chevalet ta fito ne daga cheval, ma'anarta ɗan doki. Bafaranshe da Bahaushe, ba tare da shawara ba, kowa ya ga dabbar ɗaukar kaya a wuri guda. Daga nan sauran suka biyo. Doguwar sandar ta zama wuya. Shimfiɗar da yatsu ke dannawa ta zama allo, ƙarafan da ke gicciye a kanta matakai. Ɗan ƙashin da tsirkiya ke ɗora kai a samansa matashi. Abubuwan murɗawa guda huɗu kunnuwa, tun da sai an murɗe su gitar ke jin magana.

Allunan ƙyauren ba su kai kaurin da ake bukata ba, wajen milimita 45, don haka aka haɗa biyu da gam, aka danne su da duwatsu kwana uku. Wuyan ne ya fi ba su tsoro. Tsirkiyoyi huɗu na ƙarfe suna jan sa da ƙarfin da ya kusa kilo 80, dare da rana, shekara da shekaru. Dattijon ya ƙi yanka shi daga katako guda. Ya tsaga sirara uku, ya juya ta tsakiya yadda jijiyarta za ta saɓa wa na gefe, ya ce in ɗaya ta so karkata sauran za su riƙe ta. A tsakiya suka haƙa kwari suka kwantar da sandar ƙarfe mai noti da aka ciro daga matacciyar bas, wadda ake ɗaurewa ko a sassauta don miƙar da wuya. Mahaifin ya sa mata suna ƙashin baya. Allon kuwa na kirya aka yi, itacen da ake sassaƙa turmi da shi, domin ƙarfe zai yi ta gugarsa.

A kan allon nan saurayin ya yi kuskurensa mafi tsada. Matakai ba a jera su daidai wa daida. Suna matsowa kusa da juna yayin da ake gangarowa. Ƙa'idar ita ce a raba tsawon da ya rage da 17,817. Mataki na farko yana faɗawa a milimita 48,5 daga matashi, na goma sha biyu kuma dole ya tsaya a tsakiyar tsirkiya cif, milimita 432. Ya yi lissafinsa daidai a takarda. Amma da ya zo sa alama, sai ya riƙa aunawa daga mataki zuwa mataki, kowane karo yana cike ɗan abin da ya saura, kaurin fensir ma yana ƙaruwa a kai. Bai duba jimla ba sai da ya gama tsagawa da zarto. Mataki na goma sha biyu ya zarce da milimita uku. A kujera ko akwati wannan ba komai ba ne. A wuyan gita, duk sautin da aka danna a ƙasan allo zai fito a karkace, kuma murɗa kunne ba ya gyara shi.

Ya kwana biyu yana neman dabarar ɓoye abin, har ya yi tunanin matsar da jaki. A rana ta uku ya kai wa mahaifinsa allon. Dattijon ya ɗora ma'auni, ya duba, ya jefa allon cikin itacen girki. Ya ce, "Wanda ya auna daga maƙwabci ya gaji kuskuren maƙwabci. Daga tushe ake aunawa, kowane ɗaya." Sai da aka yi wata guda kafin a sami wata busasshiyar kirya. A karo na biyu, kowane mataki daga matashi aka auna shi, da bakin wuƙa aka sa alama, uban yana riƙe da ma'auni, ɗan yana karanto lambobi da Hausa.

Sashen lantarki ya fi ƙarfin su biyun, sai suka ɗauki gangar jikin zuwa wurin wani mai gyaran rediyo a Zango. Da Faransanci ana ce wa abin da ke ɗaukar sauti micro, sunan da ke ruɗar mutane, domin ba ya jin murya ko kaɗan. Maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe zagaye dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai ta haifar da ɗan lantarki a cikin wayar, shi ake kai wa na'urar ƙara sauti. A nan dattijon bai nemi wani suna ba, ya ce maganaɗisu ya isa. Da aka ɗaura tsirkiyoyi don gwaji, abin da ya fara fitowa daga lasifika gurnani ne marar yankewa, irin na wutar gari mai bugawa sau 50 a sakan. Mai gyaran ya tono dalilin: ba a ja wayar ƙasa zuwa jaki ba. Ya huda ɗan rami, ya liƙa wayar da dalma, ya shimfiɗa takardar alminiyam a cikin kogon wayoyi. Gurnanin ya kwanta.

Saura shafe, kuma a nan ne uba da ɗa suka fi saɓawa. Saurayin yana son ja mai ƙyalli. Ya karanta cewa Fender da kansa fentin motoci ya yi amfani da shi wajen launukansa na musamman, don haka ya sayo ragowar fenti wurin mai fentin mota. Jikin gitar yana ɗauke da tabon ƙyaure: ramukan ƙusa huɗu da baƙin zane inda sakata ta yi shekaru tana gogawa. Yana son ya rufe su. Mahaifin ya ce, "Kiɗa naka ne," ya koma kan aikinsa.

Ya fesa fentin a tsakiyar hunturu. Kafin gari ya waye ƙura ta zauna a kai, jikin ya yi kaushi kamar bangon laka. Ya sake, ta sake. Babu abin yi sai kankarewa. Ya yi mako guda da samfefa, daga mai lamba 80 zuwa 120, zuwa 220, har 400, yana bin jijiyar itace, yana shafa ɗan ruwa tsakani don gashin katakon ya tashi a goge shi. A daren da ya kai ga ta ƙarshe ya shafa jiƙaƙƙen tsumma, jan maɗacin ya fito da zanensa, baƙin gurbin sakata yana kwance daidai inda hannunsa na dama zai riƙa sauka. Da safe ya mayar wa mai fenti gwangwaninsa.

Mai ya zaɓa. Mahaifiyarsa ta miƙo man gyaɗa, aka yi dariya, domin shi ba ya bushewa, sai dai ya yi danƙo ya yi wari. Man lin da masu fenti ke sayarwa shi ke shan iska ya daskare a cikin itace. Dattijon ya koya masa sauran: a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a rataye gitar cikin gidan sauro, a shafa kaɗan, a jira ɗan lokaci, a goge duk abin da itacen bai sha ba, a bar shi kwana biyu. Tsumman da aka yi aiki da shi a shanya shi a fili, don in aka dunƙule shi yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shafa takwas aka yi. Kafin a gama, bushewar iska ta sa allon ya ɗan tsuke, bakunan matakai suka leƙo suna yankar yatsa, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da magagari.

Gitar ta fito da nauyin kilo biyar, ta fi yawancin na kanti, kafaɗa tana sanin an rataya ta. Ranar da aka ɗaura mata tsirkiya a karo na ƙarshe, ya danna mataki na goma sha biyu, sautin ya fito daidai da na sakakkiyar tsirkiya, sama da shi da hawa guda cikakke. Mahaifin yana bakin rumfa yana wasa zarto, ya ba da baya. Ɗalibin ya tuna darasin karin sauti, ya tuna yadda kalangu ke kiran suna. Ya zaɓi sauti biyu ya kaɗa: ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Dattijon bai juyo ba. Sai ya gane ya bar rabin maganar a baya, domin gaɓoɓin ba tsawonsu ɗaya ba. Ya sake kaɗawa, ya ja ta farko, ya gajarta biyu na tsakiya, ya ja biyun ƙarshe. Zarton ya tsaya. Ba tare da ya waiwayo ba, dattijon ya ce, "Yauwa, sannu kadai."

Har yau bai taɓa zuwa inda ɗansa ke kiɗa ba, bai kuma ce ya yarda da sana'ar ba. Amma da ruwan farko ya sauka, itacen ya sha danshi, tsirkiyoyi suka fara karo da matakai suna ƙara, shi ya fara ji daga ɗakinsa. Ya leƙo ya ce, "Kai, wuyan nan ya motsa. Kawo ta mu duba ƙashin bayan." Suka sassauta notin rubu'in zagaye, suka jingine ta a zaure kusa da ƙyauren ƙarfe, suka bar ta ta kwana kafin su sake aunawa.