Haƙuri Kafin Kamu: Darussan Dattawan Mafarauta a Kan Fitar da Matashin Karen Loca

A karkarar Birtaniya da Ayilan akwai wani karen farauta da ake kira loca, wanda ruwa biyu ne, domin ana samun sa ne ta hanyar haɗa kare mai gudu da ke farauta da ido, kamar girehawun ko wifet ko saluki, da karen aiki mai basira, kamar koli na kiwon tumaki. Tun a ƙarshen ƙarni na 14 doka ta hana marasa hali a Ingila ajiye karnukan farauta, kuma daga baya loca ya yi suna a matsayin karen talakawa da matafiyan Romani da masu farautar sata a filayen masu gidan gona, waɗanda bukatarsu ita ce kare mai shiru, wanda zai kamo nama ya kawo ba tare da ya tona asirin ubangidansa ba. Dattawan da suka tsufa cikin wannan sana'a, wadda marubuta irin su Ted Walsh da Brian Plummer suka rubuta littattafai a kanta a shekarun 1970, sun haɗu a kan magana guda, wato mafi yawan karnukan da suka lalace gaggawar masu su ce ta lalata su, ba ƙarancin jini ba.

Abin farautar da za a yi magana a kansa a nan shi ne ƙaramin zomon Turai mai haƙa ramuka yana zama jama'a jama'a, wanda ya bambanta da babban zomon fili da ke kwana a sarari. Bambancin yana da nauyi a shari'a, domin dokar farauta ta 2004, wadda ta fara aiki a Ingila da Wales a watan Fabrairun 2005, ta haramta bin zomon fili da karnuka, amma ta bar zomon rami ga wanda ya sami iznin mai gona, alhali Scotland ta ƙuntata har wannan ma a dokarta ta 2023. Saboda haka darasin farko ya shafi mutum ne kafin kare: izni shi ne jarin mafarauci, kuma tunkiya ɗaya da karensa ya kora ta isa ta raba shi da filin da ya yi shekaru yana nema, balle ma doka ta ba manomi damar harbe kare idan babu wata hanyar da zai ceci dabbobinsa.

Wannan ne ya sa dattawa ke cewa horo yana gaba da zomo, don ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kwikwiyo yana ɗan watanni kaɗan ake koya masa ya dawo da kira ɗaya, ya yi tafiya a gefen ƙafar ubangidansa, ya ratsa garken tumaki da kaji kamar bai gan su ba, ya tsallake shinge da waya mai ƙaya ba tare da ya yanke ba, kuma ya ɗauko abin da aka jefa ya miƙa shi a hannu. Ana fara wannan da dunƙulen tsumma, sannan a naɗe shi da fatar zomo, daga bisani a ba shi mataccen zomon da ya huce, domin ya saba da nauyi da gashi ya kuma koyi riƙo da taushin baki, tunda naman da haƙori ya dagargaza ba ya sayuwa kuma ba ya daɗin ci. Ba a maimaita jifan har ya gundure shi, domin karnuka masu jinin gudu suna saurin gajiya da maimaici.

Mataki na biyu shi ne farauta da feret, wata ƙaramar dabba mai dogon jiki kamar tunku, wadda ake sakawa cikin rami ta koro zomaye su faɗa ragar da aka shimfiɗa a bakinsa. A nan matashin kare, tun bai cika shekara ba, yake koyon tsayawa tsit, da sauraron motsin ƙarƙashin ƙasa, da nuna ramin da ke da zomo, da riƙe wanda ya shiga raga, duk ba tare da dogon gudu ba. Tsofaffi suna gargaɗin kada a yabe shi a bakin kowane rami, domin kare mai son faranta ran ubangidansa zai koma nuna ramukan da babu komai a ciki.

Gudu na sosai kuwa, musamman farautar dare da ake yi da fitila mai ƙarfi a daren duhu mai iska, ana jinkirta shi har kare ya kai kimanin shekara, manya masu jinin karen barewa na Scotland ma har su kusa shekara ɗaya da rabi, saboda ƙasusuwa ba su gama ƙwari ba kuma raunin ƙuruciya kan bi kare har tsufa. Lokacin da aka fi so shi ne farkon kaka, wajen Satumba, sa'ad da aka girbe hatsi, ƙasa ta yi laushi, kuma zomayen bana ba su san fitila ba. Gwani yakan wuce zomaye da yawa har ya sami wanda ya lafe a tsakiyar fili nesa da shinge, ya matsa kusa sosai, sannan ya saki igiya. Idan kare ya kama ɗaya ko biyu, sai a koma gida yana da sauran marmari.

Dalilin wannan rowa shi ne kare yana gina tunaninsa ne a kan abin da ya fara gani. Wanda aka yi ta sakin sa a kan zomayen hunturu masu wayo yana kuskure, ko dai ya fara haushi cikin gudu saboda takaici, abin da ke watsa duk zomayen fili kuma da wuya ya warke, ko kuma ya koyi zaɓe, ya tsaya yana kallo duk lokacin da ya ga kamun zai yi wuya. Haka nan fitar da matasa biyu tare yana haifar da karo, da fizgar nama, da ƙin kawowa.

Waɗanda suka ga annobar mikzomatosis, cutar da ta shigo Birtaniya a 1953 ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomaye, da kuma cutar zubar jini da ta biyo baya tun shekarun 1990, sun ƙara da cewa fili ma yana bukatar irin wannan haƙuri, shi ya sa akasari ake ajiye farauta idan bazara ta shigo zomaye suka fara haihuwa. A wurinsu kakar farko makaranta ce kawai, kuma ba a yanke wa loca hukunci sai a kakarsa ta biyu ko ta uku, lokacin da zai bayyana ko ubangidansa ya iya jira.