Ungozomar likita ta san maganin gida

 Ni ne mai koyar da karatun manya nan Hamdara, ƙasar Miriya. A Damagaram akwai lakkol ta gwamnati inda ake koya ma yaranmu aikin jinya da na ungozoma. Ina son waɗannan yara su san maganin gida kamar yadda suka san allura.

Ga dalilina. Mata da yawa, kahin su zo awon ciki, sun riga sun sha wani abu a gida: rubutu, ko jiƙo, ko sassaƙe. In aka yi ma mace tsawa a gidan likita, sai ta yi shiru. Matan ajina sun sha gaya mani haka. To, wanda bai san abin da ta sha ba, ƙaƙa za shi ba ta magani daidai?

Maganin gida ba duka ɗaya ba ne. Zogala abinci ne mai gina jikin mai shayarwa. Amma yawan kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zahi suna iya kumbura mace, zuciyarta ta gaza. Likitocin Zariya, a Nijeriya, sun gano haka tun shekarun 1970. Yankan gishiri yana jawo yoyon hitsari. Yanke cibi da aska mai dauɗa yana kawo ma jinjiri tetanos, ciwon nan mai sanƙarar da jiki. Ɗalibin da ya san waɗannan, shi ne za shi rarrabe mai amfani da mai cuta.

Haɗa hannu da tsofaffinmu ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1960, a jihar Maradi, an kira ungozomomin ƙauye horo na ƴan kwanaki: wanke hannu da sabuni, yanke cibi da sabuwar reza, aika mace gidan likita in naƙuda ta daɗe. A 1978, babban taron lahiya na duniya a Alma-Ata ya ce a horar da masu maganin gargajiya, a yi aiki da su.

Roƙona ga malamansu: ku kawo ɗalibai ƙauye, su zauna da ungozoma da wanzami, su tambaya cikin ladabi. Mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo.

Ku kuma, ƴan'uwa, yanzu kun iya rubutu. Ku rubuta sunan abin da mai ciki ta sha, da ranar da ta sha, ku miƙa ma ungozomar likita. Kada ku ɓoye. Allah shi sauke matanmu lahiya.