Muzurun Birni da baƙuwarsa

Masu kiwon kyanwa a Turai da Amurka sun daɗe suna gardama a kan ko babba ƙwarai da ƙarama ƙwarai za su iya zama gida ɗaya lafiya. Suna misali da irin Maine Coon, wadda jihar Maine ta ɗauka kyanwarta ta hukuma a 1985, namijinta kan kai kilo 8, da kuma irin Singapura, wadda macenta ba ta cika zarce kilo 2 ba. A Damagaram ba a kiwon ko ɗaya daga cikinsu, amma tambayar tana nan, har ta fi tsanani, domin tsakanin ƙasaitaccen muzuru da ƴar wata ɗaya, wadda ba ta cika rabin kilo ba, tazarar ta wuce haka nesa.

Wani tsohon malamin lakkol a unguwar Birni ya gamu da ita a ƙofar ɗakin hatsinsa. Muzurunsa ya shekara bakwai yana tsaron buhunan gero shi kaɗai, har wuyansa ya yi kauri. Sai ga jikarsa ta tsinto ƴar kyanwa a kango, ido duk kwantsa. Uwargida ta ce: “Malam, a mayar da ita, wannan ƙaton ba zai bar ta ta kwana ba.” Yarinya ta ce: “Kaka, in ka kore ta na fasa aurenka.” Ya yi dariya, ya ce: “To amarya, ta zauna.” Ba wasan jika kaɗai ya tsayar da shi ba. Ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu da yunwa, ya kuma san cewa jefa marainiya kango cikin zafin bazara bai yi nisa da wannan ba.

Uwargida ba ta yi ƙarya ba, sai dai haɗarin ba ƙiyayya ba ce. Muzuru kan ɗauki ƙaramin abu mai motsi tamkar abin farauta, kuma cizon wuya da zai zama wasa tsakanin tsara biyu yana iya kashe jaririya. Akushi ɗaya ma kisa ne a hankali: babba ya lashe, ƙarama ta lasa, alhali ita ce ke bukatar ci sau huɗu a yini, kaɗan-kaɗan. Madarar saniya da maƙwabta suka ba da shawara kuwa zawo take sa ƴaƴan kyanwa.

Malam ya fara da hanci, tun da kyanwa da ƙanshi take sanin na gida. Mako guda baƙuwa tana ɗakin jikarsa, ƙofa rufe. Kullum yakan goga tsumma a kumatunta, inda warin jikinta yake fita, ya ajiye wa muzuru kusa da abincinsa, ya kuma yi haka da nasa. Muzuru ya yi huci kwana uku, daga baya ya daina kula tsumman.

Dabararsa ta biyu ita ce ta fi. Ya kife tsohon kwando a tsakar gida, ya danne shi da dutse, ya yanke kafa daidai jikin ƙaramar, ya sa abincinta a ciki. Wanda ya koyar a ajin farko, inda ɗan shekara shida ke zama benci ɗaya da ɗan shekara goma, ya san cewa hana babba zalunci da tsawa yana ƙarewa ne da zarar malami ya juya baya. Kwando kuwa ba ya juya baya. Muzuru ya zura hannu har kafaɗa, ya gaji, ya koma inuwa.

Ba su zama aminai ba. Ba a taɓa ganin ɗaya na lasar ɗaya ba, kuma wurin kwanansu daban. Ita ma ba ta yi wani girma ba, wataƙila saboda yunwar farko. Sau biyu kawai aka faɗaɗa mata kafar. Amma ƙanƙantar ta buɗe mata lungunan da ke tsakanin buhuna, inda ƙaton bai taɓa shiga ba, kuma ɓarnar ɓeraye ta ragu har uwargida ta shaida. Shi yakan zauna a bakin lungu yana jira, ya ƙwace abin da ta fito da shi. In ta riga shi zuwa kwando, ɓeran nata ne.